Huji Uku a Bel ɗin Direba

Mijina direban babbar mota ne, mai ɗaukar siminti daga Malbaza zuwa Yamai, wata rana Tawa, wata rana Maraɗi. Ni kuma malamar lakwal ce, wato makarantar boko, a Birnin Ƙonni, ina riƙe da ajin 'yan shekara goma. Da gangan na fara da faɗin aikina, don kada wani ya gama karanta wannan ya yi mini uzuri da jahilci. Na iya karanta takardar likita da Faransanci, na san abin da kowace kalma take nufi, kuma da sanina na aikata abin da na aikata.

Ranar da aka ɗaura mana aure siriri ne, dogo, wando ma ba ya zama a ƙugunsa sai ya riƙa jan shi sama. Bayan shekara goma sha biyar, in ya hau mota sai ya tura kujera baya har iyakarta kafin tumbinsa ya bar sitiyari ya juya. Wallahi alfahari nake yi da haka. In mun haɗu da mata a wurin suna ko biki sai su ce, "Kai Madam, kin iya kiwo!" Ni kuwa in sunkuyar da kai kamar ba na so, alhali raina fari ƙal. Inna, wato mahaifiyarsa, da ke zaune a wani ƙauye kusa da Dogarawa, in ya je gaishe ta sai ta shafa damtsensa ta ce Allah ya yi mini albarka. Ba ta taɓa yabona a kan komai ba sai a kan wannan.

Ba girkina kaɗai ya tara masa jikin ba, kar in ɗauki abin da ba nawa ba. Aikin mota zama ne. Ya zauna a layin ɗaukar kaya a Malbaza wuni guda, wani lokaci kwana biyu, sannan ya zauna kan kujerar mota har Yamai. Da safe burodi da kofi, a tsiyaya masa madarar gwangwani mai kaurin nan har cokali ya kusa tsayawa a ciki. Da rana shinkafa da mai, a hanya balangu, ya bi da lemun kwalba mai sanyi irin wanda ake shigowa da shi daga tsallaken iyaka, biyu ko uku a zama ɗaya. In ya dawo gida ni kuma in tarye shi da tuwo da man shanu, da fura wadda na zuba wa sukari da hannu mai nauyi. Sannan ga fada.

Fada rumfa ce a bakin tasha, inda shi da abokansa direbobi suke zama in ba su kan hanya. Shayi suke sha tun hantsi, na farko, na biyu, na uku, kowanne ya fi na gabansa zaƙi. Ƙananan kofunan gilashi biyu ne kacal a wurin. Wanda ya shanye ya miƙa, mai dafawa ya sake cikawa ya ba na kusa, haka kofi zai zagaya bakin mutum goma ba wanda ya taɓa cewa a wanke. Mai dafawar aminin mijina ne tun suna samari, tare suka koyi tuƙi.

Ciwon kai ne ya fara masa, a ƙeya, kamar an ɗaure. Sai ƙishirwa, ya sha ruwa ya sha, ya riƙa tsayar da mota a hanya don fitsari har abokan tafiya suna masa tsiya. Muka ce zafi ne. Wata rana da hantsi yana layin siminti hanci ya ɓalle masa da jini, idonsa ya yi duhu, ya zauna a ƙasa jingine da taya. Wani direba ne ya kawo shi likita a Ƙonni, aka aiko mai kabu-kabu ya ɗauko ni daga aji, alli a hannuna.

Majo, babban ma'aikacin jinyar wurin, dattijo ne ɗan gabas, mai magana a hankali. Ya ɗaura masa abin awon jini a damtse, da ƙyar ya zagaye. Ya auna, ya sake aunawa. Ya sa aka ɗebi jininsa. Da sakamako ya fito ya ce mu zauna mu biyu.

"Tansiyonka ya hau ƙwarai," in ji shi. "Hawan jini ke nan. Kuma akwai sukari a jininka. Ga kuma wannan." Ya nuna tumbin da biro.

Mijina ya yi dariya, don shi komai sai ya mai da shi wasa. "Majo, wannan ai aikin Madam ne. Ita za ka kama."

Majo bai yi dariya ba. Ya ce, "Kai direba ne. In ka yi wa mota lodi fiye da ƙarfinta, wa ke shan wuya?"

"Inji."

"To zuciyarka ce injin. An yi ta don ta ɗauki siririn mutum, yanzu tana tura jini cikin jikin mutum biyu. Dole ta ƙara ƙarfin turawa. Sukarin nan kuma, in ya daɗe yana yawo cikin jini, yana sa jijiyoyi su yi tauri su ƙuntata, kamar tsohon tiyo da rana ta ci. Yana taɓa ƙoda, ƙoda ta riƙa riƙe gishiri da ruwa. Ruwa ya yi yawa, hanya ta matse, inji na turawa da ƙarfi. Ka fi ni sanin abin da ke biyo baya."

Mijina ya daina murmushi. Ya ce, "Tiyo ya fashe."

"In ya fashe a ka, ba makanike," in ji Majo.

Ya rubuta ƙwayoyi iri biyu, ya ba mu ɗan littafin likita da za a riƙa rubuta awo kowane wata. Sai ya juyo gare ni ya yi mini bayanin rejim da Faransanci, wato tsarin cin abinci: a yanke sukari da lemun kwalba, a rage mai, a rage gishiri da dunƙule, a rage tuwon kansa, a yawaita ganye, ya riƙa tafiya da ƙafa. Ya ce ƙwayoyi kaɗai ba za su iya ba in jikin bai ragu ba. Ya ce, "Madam, ransa yana cikin tukunyarki." Na ce na ji, na ɗauka.

Kuma na ɗauka ɗin. Ni mace ce mai kafiya, duk wanda ya zauna da ni ya sani. Na ɓoye gwangwanin sukari cikin akwatina na sa kwaɗo. Na koma dafa masa zogale, da miyar kuka ba mai, da wake, da kifi in an samu. In zai tafi Yamai in ƙulla masa abincinsa a kwano don kada ya tsaya wurin mai balangu. Makonnin farko mun yi faɗa kamar za mu cinye juna. Ya ce abincin 'yan kaso nake ba shi. Na ce ya ci ko ya bari, gawa dai ba za a kawo mini ina da sauran numfashi ba. Ya tura kwano, in turo masa. A fada ya ce wa amininsa a riƙa zuba masa nasa shayin kafin a sa sukari, suka yi ta masa dariya, suna cewa Madam ta sa shi a aji.

Yana da wani bel na fata, baƙi, mai faɗi, da wani baduku ya yi masa a kasuwar Ƙonni. Da wata na uku ya zo, wata safiya ya fito tsakar gida riƙe da wando da hannu ɗaya, ya ce, "Madam, duba ɓarnar da kika yi." Hujin ƙarshe ya yi masa yawa. Ya ɗauko ƙusa ya ɗora a kan garwashi ta yi ja, ya huda sabon huji da kansa, ƙaurin fata ya cika gidan. Na yi guɗa, wallahi, ni kaɗai a tsakar gida kamar mahaukaciya. Bayan wata biyu ya huda na biyu. Kafin shekara ta zagayo ya huda na uku.

Ban taɓa jin daɗin aure kamar a watannin nan ba. Ciwon kai ya tafi. Ya daina haki in ya hau mota. In ya sauka a tasha sai ya taho gida da ƙafa, ya ƙi hawa kabu-kabu, ya shigo yana waƙe-waƙensa marasa kan gado. A sujada ma ya ce goshinsa na isa ƙasa ba tare da numfashi ya tsaya masa ba. Kowane wata muka je awo, Majo ya duba ya gyaɗa kai ya rubuta, lambar tana sauka a hankali. Ni ce ke ajiye littafin, cikin jakar da nake sa takardun aji.

Sai dai a shekarun nan, farkon dubu biyu, ba abin da ake magana a kai kamar sida, wato ƙanjamau. Rediyo na yi, ana zuwa da lasifika kasuwa, an kafa babban allo a bakin tasha da zanen wani direba kusa da motarsa, a gefe kuma ga shi ya koma ƙashi da fata. Mu ma malamai an tara mu an koya mana, ni da bakina na tsaya gaban yara na lissafa musu alamomi. Gari duka ya haddace darasin: direban doguwar hanya, ya rame, yana shan ƙwayoyi kullum, yana zuwa likita kowane wata. Mijina ya cika duka huɗun. Ni da na koyar da darasin ce ta ƙarshe da ta lura.

Maƙwabciyata ce ta fara, wadda take yi mini kitso shekara da shekaru, ina zaune tsakanin ƙafafunta muna gulmar unguwa. Na aika, ta ce hannunta na ciwo. Mako na gaba ta ce tana da baƙi. Na uku na je da kaina na tarar tana yi wa wata. Ta dube ni daga sama har ƙasa ta ce, "Madam, ke dai lafiya kike ko? Ba kya jin komai a jikinki?" Na ce lafiyata lau, mi ya faru? Ta ce a'a, tambaya ce. Na dawo gida da kaina a tsefe, ina ta masifa ni kaɗai, ban gane ba tukuna.

Shi ya riga ni ganewa. Wanzaminsa ya soma cewa ya riƙa tahowa da askarsa daga gida. A masallaci wani ya ba shi hannu da yatsu biyu. Ya shanye duk wannan bai gaya mini ba, har ranar kofi. Ya dawo da azahar, da wuri fiye da yadda ya saba, ya zauna kan tabarma bai cire takalmi ba. Na tambaye shi sau uku kafin ya yi magana. Ya ce an sayo kofi na uku a fada. An ɗaura masa jan zare a gindi. Amininsa ya ce wai don kada a haɗa nasa marar sukari da na sauran ne. Amma da ya shanye, sai ya ga an ajiye kofin can gefe a ƙasa, aka zuba masa tafasasshen ruwa.

"Shekara talatin muna shan baki ɗaya da mutumin nan," in ji shi. 

Na tashi zan yafa mayafi in tafi tashar in yi musu tas, ya riƙe ni. Ya ce in na je na tabbatar musu.

Cikin makon ne Inna ta zo daga ƙauye, labari ya kai mata. Tana shigowa ta gan shi ta saki ƙullin kayanta ta fashe da kuka. Ta shafa wuyansa, ta kama rigarsa da ta yi masa yawa, ta juyo kaina. "Ɗiyar nan, mi na yi miki? Na ba ki mutum cikakke, kin mai da mini shi kara." Na ɗauko littafin likita ina mata bayani, cewa ramar nan ita ce lafiyar, ƙibar ce ciwon. Ta ture hannuna. Ta ce tun da uwarta ta haife ta ba ta taɓa jin inda rama ta zama lafiya ba. Ta leƙa tukunyata ta ga zogale, ta ce ko a shekarar yunwa sun fi haka ci. Ta kwana uku, kullum tana dama masa fura da sukarin da ta taho da shi a bakin zane, ni kuma ina bi ina zubarwa a bayan ɗaki.

Yanzu na zo wurin da ba na son rubutawa. Maganar mutane tana da nauyi, in ka ji ta safe da yamma sai ta sami wurin zama a cikinka. Na soma kallonsa in yana alwala, ina duba ƙasusuwan wuyansa. Na soma tuna kwanakin da yake yi a Yamai yana jiran a sauke kaya. Ni da na auna masa kowane cokali, ni da na san dalilin kowane huji a bel ɗin nan, sai ga ni ina lissafin wai ko ramar ta wuce abin da zogale zai iya yi. Wata Asabar da safe, Inna ta koma, yana zaune yana gyara igiyar tamfol, na tsaya a kansa na ce, "Malam, mu je a auna mu."

Ya ɗago. "Ai ba a yi wata ba."

"Ba wannan awon ba."

Ya daɗe yana kallona. Da ya zage ni, ko ya ɗaga hannu, da ya fi mini sauƙi. Sai ya ce a hankali, "Ke ma, Madam?" Ya naɗe igiyar, ya sa hula, ya ce mu tafi.

Ba mu yi a Ƙonni ba, mun tafi wani asibiti can gaba da Malbaza inda muke ganin ba a san mu ba.  Sakamako ya fito, ba shi da komai, ni ma haka. Takarda ce 'yar ƙarama, da hatimi, da kalma ɗaya ta Faransanci da na karanta sau ashirin. Na yi kuka na roƙe shi gafara. Ya ce ya yafe, kuma na san ya yafe, amma waƙar da yake shigowa da ita gida ban sake jin ta ba.

Na ce to ga hujja, a kai fada, a nuna wa Inna, a nuna wa mai kitso, in ya so in tsaya in fassara musu. Ya yi wata 'yar dariya marar daɗi. Ya ce, "Wa zai karanta? Wanda ya iya ma cewa zai yi saye na yi, a garin da ake sayen kowace irin takarda a bakin iyaka. Kuma za su ce in ba ya tsargu ba mi ya kai shi awo." Ya buga ƙirjinsa da tafin hannu. "Wannan ita ce takardar da suka iya karantawa."

Juma'ar da ta biyo baya ya dawo daga masallaci ya zauna, na kawo masa kwanonsa. Ya buɗe, ya rufe. Ya ce, "Madam, sa mini man shanu."

Ya faɗi haka sau ɗari a shekarar nan, sau ɗari na ce a'a. Ran nan na tsaya da kwano a hannu. Na san abin da Majo ya ce, kalma da kalma. Amma na gaji. Na gaji da tsefaffen kai, na gaji da matan da ke janye 'ya'yansu in na wuce, na gaji da ganin namiji kamar wannan yana sanɗa a garinsu. Kuma ina jin kunyar tambayar da na yi masa, ina neman abin da zan ba shi ya wanke ta. Na ce a raina na wata biyu ne, ya ɗan ciko, bakin mutane ya mutu, sai mu koma. Na shiga ɗaki na buɗe akwati na fito da gwangwanin sukari, na aika aka sayo man shanu. Ya ci yana lumshe ido. Ni kuwa, Allah ya gani, daɗi na ji.

Jiki bai yi gardama ba, kamar dama jira yake. Ya bar huji na uku, ya bar na biyu, ya bar na farko, ya koma na baduku. Awon wata ya daina zuwa, don ƙofar likita tana kallon titi kuma masu kabu-kabu na tsaye a wurin. Ƙwayoyi ya daina tafiya da su hanya don kada a gan shi yana haɗiya, sai in ƙeya ta matsa masa ya sha ɗaya a ɓoye. Wata biyun da na ce suka zama shida, suka zama shekara. Kullum ina cewa bayan salla za mu koma.

Gari kuwa ya karanta takardarsa. Wanzami ya daina maganar aska. Kofi mai jan zare ya ɓace daga fada, ba wanda ya ce ga inda ya tafi, ya koma shan na uku mai zaƙi daga bakin amininsa. Mai kitso ta aiko da kanta wai ta ga kaina ya tsufa, in zo. Na je, kash, na zauna tsakanin ƙafafunta. Inna ta zo ta shafa damtsensa ta ce Allah ya yi mini albarka, ashe na ji magana.

Sau ɗaya na haɗu da Majo a kasuwa, wajen masu albasa, muna tare da mijina. Suka gaisa da fara'a. Majo ya dubi tumbin, ya dube ni, ya ce da Faransanci don kada mijina ya ji, "Madam, littafin yana wurinki har yanzu?" Na ce yana nan. Ya ce to. Ya ɗauki albasarsa ya wuce. Da na koma gida na yi niyyar yin magana, na tarar mijina yana ba yaranmu labarin hanya suna ta dariya, na ce bari sai gobe.

Shekara biyu da 'yan watanni muka samu. Wata Talata da hantsi, a Malbaza, an gama yi masa lodi, ya hau saman buhuna yana jan tamfol. Waɗanda ke wurin sun ce ya dafe ƙeya, ya zauna, sai ya kwanta a kan simintin. Mutum shida suka sauko da shi. Da na isa asibiti bakinsa ya karkace, hannun dama da ƙafar dama ba sa motsi. Idonsa biyu, yana gane ni, yana so ya yi magana ba ta fita. Likitan da ya duba shi ya tambaye ni ko an taɓa gaya mana yana da hawan jini da sukari. Na buɗe jaka na miƙa masa littafin. Ya buɗe, ya ga inda lambobi suke sauka wata bayan wata, ya ga inda rubutu ya tsaya, sauran shafuka farare. Ya rufe ya mayar mini.

Kwana uku ya yi. Ina ba shi ruwa da cokali yana zubowa ta gefen baki. Ranar Juma'a bayan la'asar ya cika, hannunsa na hagu cikin nawa.

Gidan ya cika da masu gaisuwa har waje. Direbobi sun jera motoci tun daga tasha. Amininsa ya yi kuka kamar yaro, shi ya shiga kabari ya karɓe shi. Ina zaune a ɗaki cikin mata, kaina a ƙasa, ina amsa "ya haƙuri" ba tare da na san mai faɗa ba, sai na ji muryar mai kitso a bayana tana gaya wa wata baƙuwa, ba da mugunta ba, da tausayi ma take faɗa.

"Allah sarki, mutum da jikinsa, da ƙibarsa, lafiya lau. Masu ɗaukar makara sai da suka yi ta canji. Kin ga bakin mutane? Har an taɓa yi masa ƙazafin ciwon nan, wallahi. To ga shi Allah ya wanke shi, kowa ya gani, da jikinsa ya tafi."

Matan suka ce ƙwarai, Allah ya wanke shi. Inna daga kusurwa ta ce, cikin kuka, "Ɗana bai mutu a rame ba."

Abin da ban taɓa gaya wa kowa ba shi ne, da na ji haka, wani sanyi ya ratsa zuciyata. Na ji daɗi. Mijina na kwance a ƙasa tun jiya, yarana sun zama marayu, ni kuwa na ji daɗi an ce ya mutu da ƙiba. Daɗin bai wuce ƙiftawar ido ba, sai na gane abin da na ji, na kifa kaina a cinya na yi ihun da ban yi ba a asibiti. Suka riƙa shafa bayana suna cewa in yi haƙuri, na yi masa duk abin da mace za ta yi wa miji, na ciyar da shi.

Da aka zo rabon kayansa na ce a ba ni bel ɗin, ƙannensa suka yi mamaki, ga agogo ga rediyo. Yana cikin akwatina, tare da littafin da 'yar takardar nan mai hatimi da ba wanda ya taɓa karantawa sai ni. Hujin baduku sun buɗe, sun yi baƙi, fata ta lanƙwashe a wurin saboda daɗewa. Ukun da ya huda da ƙusa suna nan ƙanana, gefensu a ƙone. Na ƙarshen ko wata huɗu bai yi yana sa shi ba.